Paratene da Tsofaffin Kifayen Rafin Kopua

Paratene Waaka yana da shekara sittin da takwas sa'ad da ya fara aikin tace ruwa, kuma ba shi ya nemi aikin ba. Matarsa Hariata ta rasu a watan Yuni, ana tsakiyar sanyin ƙasarsu, bayan ya yi shekara huɗu yana kai ta asibitin cikin gari wankin ƙoda sau uku a mako. Aka yi kwana uku ana makoki a marae, wato zauren dangi, aka binne ta a kan tudu kusa da iyayenta, baƙi suka watse. 'Yarsu tilo, Kararaina, ta koma birnin Perth, can ƙetaren teku, wurin mijinta da aikinta. Shi kuwa ya dawo gida ya zauna.

Mutane sun zaci baƙin ciki ne ya zaunar da shi. Shi dai bai ga haka ba. Ya yi ta jiran baƙin cikin ya zo, bai zo ba. Yakan tashi da safe ya ɗora buta, ya sha shayi, ya wanke kofin, ya koma kujerar da ke kallon hanya. In aka kawo masa abinci ya ci, in ba a kawo ba ya buɗe gwangwani. Bai taɓa kayan Hariata ba, ba don yana jin tsoron taɓawa ba, sai don bai ga dalilin taɓawar ba. In aka tambaye shi yaya yake, ya ce lafiya lau, kuma iyakar saninsa gaskiya yake faɗa.

Wata uku yana haka, ran nan Ripeka ta faka a-kori-kurar ofis a ƙofar gidansa. Ripeka 'yar wansa Tiopira ce, shekarunta talatin da huɗu, ita ke riƙe da sashen kula da ruwa a ofishin ƙabilarsu. Ta shigo ba ta jira iso ba, ta buɗe tagogi, ta leƙa firiji ta rufe.

Ta ce, "Baffa, ina takalmanka na roba?"

"Suna inda suke."

"To ɗauko su. Direba nake nema, wanda ya san kowane rafi da ke zuba cikin kogin Waihoru. Taswira ta ɓatar da ni sau biyu a makon nan."

"Ki tambayi ubanki mana."

"Baba ya san sunayensu da waƙoƙinsu. Kai ne ka san inda ake ajiye mota a gangara."

Ya dube ta. Ya san abin da take nufi, ita ma ta san ya sani. A motar ta nuna masa kayan aikin: sirinji babba, da wata 'yar matata mai faɗin murfin kwalba da ake ɗaura masa a baki, da safar hannu, da 'yar kwalbar magani.

Ta ce, "Duk abin da ke cikin ruwa yana barin burbushin jikinsa a ciki. Yauƙi, ɓawon fata, kashi. Mu zuƙi ruwan, mu tura shi ta matatar nan, burbushin ya maƙale. Sai mu aika ɗakin gwaji, su karanta ƙwayar halittar da ke ciki, su gaya mana wa da wa ke zaune a rafin. Ba raga, ba ƙugiya. Orea muke nema."

"Wato kashin kifi za mu riƙa sawa a ambulan."

"Ka fahimta ke nan. Wasu sai na yi musu bayani sau uku."

Orea shi ne dogon baƙin kifin nan mai santsi, mai siffar maciji, wanda kakanninsu suka rayu a kansa. A duk kwarin ba wanda ya kama shi kamar Paratene, kuma shi ya sa har yau akwai gidajen da in ya shiga ake sauya zance.

A saman kwarin aka haife shi. Ubansa Eruera masaƙin gura ne, wato kwandon kama kifi, da kurangar daji yake saƙa ta, ya nutsa ta a rafi da kotonta, da safe ya ɗago. Yakan zube kamun a kan ciyawa ya zaɓi na ci, manyan matan kuwa ya mayar da su ruwa da hannu biyu, domin su ne za su sauka teku wata rana su yi ƙwai. Orea sau ɗaya yake haihuwa a rayuwarsa, can tsakiyar teku wajen tsibiran Tonga, daga nan ya mutu, 'ya'yan su biyo ruwa su dawo su hau koguna. Paratene yana ɗan shekara shida aka gama gina madatsar wutar lantarki a tsakiyar Waihoru. Ba wanda ya tambayi Eruera ra'ayinsa. Ya je ya ga bangon sau ɗaya, ya dawo ya ci gaba da saƙarsa.

Yana da sha tara masu saye suka fara zuwa da manyan motoci masu tankin ruwa. Suka ce a Turai ana son orea, kowane iri, kowane girma. Suka ba shi gurar raga guda goma ya gwada. Kafin shekara biyu yana da tamanin, da kwalekwale mai inji, da mota tasa ta kansa. Yakan shiga rafi ya jera raga tun daga baki har inda ruwan ya tsuke, ya yi kwana huɗu, in ya ga kamu ya ja baya ya naɗe ya koma na gaba. Ba ya mayar da komai. Manyan matan ma su suka fi nauyi a sikeli.

Eruera bai yi masa faɗa ba. Ranar da Paratene ya kawo masa kyafaffen orea a takarda, tsohon ya ce ya gode, ya ajiye a kan tebur, ya ci burodinsa da shayi. Haka ya yi ta yi har ya mutu, bai sake sa kifin ɗansa a baki ba. Tiopira kuwa ba shi da wannan haƙurin. A bayan ɗakin girki na marae ya tare ƙanen, suka dambace har Paratene ya rasa haƙori ɗaya. Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su.

Ba tuba ya yi ya daina ba, kifin ne ya ƙare. Bayan shekara goma sha biyar sai ya zama yana ɗaga raga ashirin bai cika bokiti ba. Ya sayar da kwalekwalen, ya shiga aiki a mayanka, da aka rufe mayankar ya koma tuƙa motar katako har ya yi ritaya. Hariata ba ta taɓa tayar masa da zancen ba, sai sau ɗaya, a hanyar asibiti, da suka hau gada ta leƙa ruwa ta ce ta yi kewar orea gasasshe. Ya ce zai nemo mata. Bai samu ba.

Aikin Ripeka ya zo daidai da shi, domin ba ya bukatar tunani. A sa safar hannu, a shiga ruwa daga ƙasa a fuskanci sama don kada dattin takalmi ya shiga, a zuƙa, a ɗaura matata, a tura, a cire, a sake zuƙa. Sau ashirin kafin a tace lita guda, kuma matata shida a kowane wuri. In ruwan ya yi laka, tura sirinjin sai da ƙarfi, babban yatsa ya yi ta zafi. Ripeka takan gaji ta yarfe hannu, shi kuwa ya karɓa ya ci gaba. Wuri goma sha huɗu suka zaɓa, biyar a ƙasan madatsa, tara a sama. Kowane rafi suka isa ya san shi: inda dutse yake a ƙarƙashin ruwa, inda gaɓa take da rami, inda ya taɓa kafa turke. Yana kallon wuraren kamar gidan da ya taɓa haya.

Wata rana Ripeka ta tambaye shi, "Nawa ka kama a nan?"

"A nan? Mota guda da rabi."

Ta ci gaba da rubutu a jikin kwalba. Can ta ce, "Ba ka jin komai in ka tsaya a nan?"

Ya yi tunani sosai, domin ba ya son ya yi mata ƙarya. Ya ce, "Ina jin sanyi a gwiwa."

Labari ya kai marae tun kafin su gama. Ranar Lahadi bayan coci ana cin dafa-dukan ƙashin alade da ganyen rafi da dankali, Tiopira yana zaune a bakin tebur da sandarsa a jingine, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Na ji 'yata ta ɗauki ma'aikaci. Mutumin da ya kwashe kifin, shi aka ba aikin ƙirga abin da ya rage."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Ripeka ta ce, "Baba, ci abincinka."

"Ci nake yi. Alade nake ci a bakin kogi, kamar Bature. Paratene, in ka ga guda ɗaya kada ka sa shi a aljihu."

Paratene ya ce, "To, Yaya." Ya miƙa hannu ya ɗauki gishiri.

Sakamakon ya iso bayan mako shida. Ripeka ta tara mutane a ɗakin cin abinci na marae, ta haska takardar a bango. Jerin sunaye ne dogo. Akwai saniya a ko'ina, akwai tunkiya, ɓera, agwagwa, barewa, da kifin nan da Turawa suka kawo don wasan fatsa. A wuri na huɗu an sami ɗan Adam da yawa, wata tsohuwa ta ce ai nan ne mazan ƙauyen ke tsayawa in sun taso daga mashaya, aka yi dariya. Sai Ripeka ta zo kan orea. A ƙasan madatsa akwai shi, kaɗan, a wuri huɗu cikin biyar. A sama kuwa ta bi wuraren ɗaya bayan ɗaya. Babu. Babu. Babu. Wuri takwas babu ko alama.

Ta ce, "Sai na tara. Rafin Kopua, cikin gonar Haldane. Nan kam matata shida duka sun nuna shi, kuma da ƙarfi."

Kowa ya juya ya dubi Paratene. Wata gwaggonsu mai shekara tamanin da ɗoriya ta ce, "Ai nan ne rafin da Eruera yake kai baƙi. Ashe ka bar shi saboda ubanka, ɗan nan."

Da ya yi shiru, da maganar ta zauna a haka, kuma ya ga yadda fuskoki suka fara sassautowa. Har Tiopira ya ɗago kai.

Paratene ya ce, "A'a, Gwaggo. Tsoho Haldane yana da wani mugun kare, kuma yana da bindiga. Sau biyu na gwada shiga."

Tiopira ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Matata tana faɗin akwai ko babu ne kawai, ba ta faɗin guda nawa, ba ta faɗin shekarunsu. Dole a sa raga a gani. Ripeka ta samo izini, ta samo aron gurar raga guda shida, ta kawo su gidan Paratene ta zube a tsakar gida. Shekara talatin da wani abu rabonsa da taɓa irinsu. Ya tsuguna ya warware ɗaya, ya ga an ɗaure bakinta ba daidai ba, ya kwance ya sake ɗaurewa kafin ma ya san ya fara.

Tsoho Haldane ya daɗe da mutuwa. Jikarsa Moira ce ke riƙe da gonar, mace mai faɗin kafaɗa da ke kiwon shanun madara. Ta buɗe musu ƙofar shinge da kanta, ta ce tun tana yarinya take ganin manyan abubuwa a ramin da ke ƙarƙashin itatuwa, kakanta ma yakan jefa musu hanjin tunkiya. Suka kafa ragar da yamma, suka dawo da hantsi. Paratene ya shiga ruwa har ƙirji cikin wandon roba, ya kama igiyar ta farko ya ja, nauyin ya gaya masa komai tun bai gani ba.

Kwana uku suka yi, suka kama goma sha ɗaya. Duka mata, duka manya, mafi ƙanƙantarsu ta fi hannunsa tsawo, babbar kuwa kaurinta ya kai cinyarsa. Ripeka ta auna su ɗaya bayan ɗaya, ta sa wa kowace 'yar alama a ƙarƙashin fata, suka mayar da su. Ba ƙarami ko ɗaya a cikinsu.

Ripeka ta zauna a kan bokiti ta ce, "Waɗannan sun hau nan tun kafin a rufe kogin. Baffa, kusan sa'anninka ne. Tun daga lokacin ba wanda ya sake hawowa."

"Na sani."

"Da ba ka kama ko ɗaya ba ma, da bangon nan ya ƙarar da su a hankali."

Ya gane tana so ta sauke masa wani abu ne. Ya ce, "A hankali dai," ya ci gaba da wanke raga.

Shi ya lura da ta bakwai. Ya ce wa Ripeka ta dubi kanta: ya baje ya yi tsini, leɓɓan sun sirance, idanun sun yi girma kamar ba nata ba, cikinta ya fara haske. Haka Eruera ya koya musu gane wadda teku ta kira. Ta daina cin abinci ke nan, ruwan kaka kawai take jira ta sauka. In ta sauka kuma hanya ɗaya ce, ta cikin injinan madatsa, inda farfela za ta datsa ta gunduwa-gunduwa. Paratene ya sha ganin irin gunduwoyin a gaɓa lokacin da yake tuƙa katako ta wurin.

Ripeka ta ce, "Sai mu ɗauke ta a mota."

A watan Afrilu, da aka yi ruwa kwana biyu rafin ya ɗaga, suka tare bakinsa da raga. Da safe tana ciki. Suka sa ta a tankin ruwa a bayan a-kori-kura, da ɗan injin da ke hura mata iska. Za su tashi ke nan sai ga Tiopira a bakin shinge, wani maƙwabci ya sauke shi, yana sanye da baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza.

Ya ce, "Ba za a sake ta ba addu'a ba. Ku biyun nan ba wanda ya iya."

Ripeka ta ba shi gaba, ita ta koma baya. Tafiyar kilomita arba'in ce, hanya mai kwana-kwana, Paratene yana tuƙi a hankali don kada ruwan tankin ya yi ta dukan kifin. Da suka wuce madatsar, Tiopira ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Har yanzu ba ka sa haƙorin nan ba."

"Na saba."

"Hariata ta taɓa zuwa ta same ni a kan maganar. Ta ce in biya kuɗin likita ko in ba ka haƙuri, in zaɓi ɗaya."

"Ba ta gaya mini ba."

"Na ce mata zan yi tunani."

Paratene ya rage gudu saboda wata gada mai hanya ɗaya. Ya haye ta ya ci gaba da tuƙi.

Suka tsaya a inda kogin ya buɗe, ana jin ƙanshin gishirin teku. Paratene ya ciro kifanyar a cikin jiƙaƙƙen buhu, ya rungume ta a ƙirji, ya gangara da ita. Tana da nauyin yaro ɗan shekara uku. Tiopira ya tsaya a gaɓa ya cire hula, ya fara addu'a da harshen kakanni, bai manta kalma ko ɗaya ba. Ripeka tana kuka a hankali, tana ɗaukar hoto da waya. Paratene ya buɗe bakin buhun a cikin ruwa. Kifanyar ta zame ta kwanta a kan tsakuwa kusa da takalminsa, ta daɗe a wurin tana buɗe baki tana rufewa. Paratene ya tsaya ya saurari kansa, ko wani abu zai motsa a ƙirjinsa. Ya ji ruwa yana tura masa ƙafa, ya ji yauƙi yana bushewa a hannunsa. Can ta juya kai ƙasa, ta kaɗa jiki sau biyu, ruwan ya rufe ta.

A hanyar dawowa suka tsaya a shago suka sayi soyayyen dankali. Tiopira ya ce an cika masa gishiri, ya cinye nasa ya ci rabin na ƙanensa.

Haka aikin ya zama na kowace shekara. Da bazara a tace ruwa, da kaka a tare bakin rafin Kopua. Shekara ta biyu suka sauke uku, ta uku suka sauke biyu. Kararaina takan kira daga Perth ta ce ya dawo wurinsu, akwai ɗaki, akwai jikoki, ba sanyi. Yakan ce sai an gama kaka. Ya kwashe kayan Hariata a shekara ta biyu, ya kai coci, ba don wani abu ya sauya ba, sai don asu ya fara cin su.

A shekara ta huɗu aka yi guguwa da ruwan da ba a taɓa gani ba. Tudun da ke saman gonar Haldane ya zaftare ya sauko cikin rafin, ramin da ke ƙarƙashin itatuwa ya cike da laka har ana takawa a kai. Moira ta tsinci biyu a cikin ciyawa, sun riga sun kumbura. Sauran ukun ba a gan su ba. Da ruwan ya kwanta, Paratene da Ripeka suka je suka tace shi, matata tana toshewa tun ba a kai rabin lita ba. Bayan mako shida sakamako ya zo. Saniya, ɓera, agwagwa. Ripeka ta kira shi a waya ta karanta masa, ta ce za su sake gwadawa, wani lokaci laka tana ɓata gwaji. Suka sake. Amsar ba ta sauya ba.

Lokacin Tiopira yana kwance a gidan Ripeka, shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, maganarsa ta yi nauyi. Paratene ya je ya zauna a bakin gado ya gaya masa, domin Ripeka ta ce ita ba za ta iya ba.

Tiopira ya ce, "Nawa... suka fita?"

"Shida."

"Cikin sha ɗaya."

"Eh."

Tsohon ya rufe ido. Paratene ya zaci barci ya yi, ya miƙe zai tafi, sai ya ji ya ce, "Gyara mini... matashin nan. Hannunka sanyi kamar kifi." Ya gyara masa. Bayan wata biyu Tiopira ya rasu, Paratene yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin. A wurin makoki aka ce ya tashi ya yi magana, ya tashi ya ce wansa mutum ne mai faɗin gaskiya, ya zauna.

Takardun da Ripeka ta tara na shekara huɗu su ta kai gaban kamfanin wutar, aka yi ta zama ana tashi. A ƙarshe kamfanin ya yarda a kafa tarko a gindin bangon, inda 'ya'yan orea ke taruwa duk bazara suna ƙoƙarin hawa siminti suna faɗowa. Za a riƙa kwashe su a kai su sama. Aikin yana bukatar mutum mai mota da lokaci.

A watan Janairu Paratene ya ɗauko bokiti biyu na farko. 'Ya'yan ba su fi tsinken ashana biyu tsawo ba, sun cunkushe a gindin bokitin kamar taliya. Moira ta riga ta sa an haƙe lakar daga wani sashe na rafin, ta kewaye shi da waya saboda shanu. Ya tsuguna a gaɓa ya karkata bokitin a hankali, suka zube suka watse cikin duwatsu, kafin ya miƙe ba a ganin ko ɗaya.

Ripeka ta ce, "In akwai mata a cikinsu, sai sun yi shekara arba'in kafin su nemi teku. Ko fiye." Ta yi lissafi da yatsu. "Lokacin ina da saba'in da takwas."

"To ki lallaɓa gwiwoyinki."

"Kai fa?"

"Ni zan ɗauko na gobe."

Suka hau gaɓa suka zauna a bayan motar. Rana ta yi zafi, ƙudaje sun taso daga wurin shanu. Ripeka ta buɗe leda ta miƙa masa burodi da naman tunkiya a ciki. Ba ya jin yunwa, amma ya karɓa ya cinye, sannan ya tashi ya ɗauraye bokitan ya kife su su bushe.